Tafi-da-gidanka: yadda na mayar da bas ɗaki na ja ta zuwa Daura

Tun ranar da na saka hoton bas ɗin nan a Facebook mutane suka hana ni sakat, wasu a waya wasu a majalisa, wai da gaske ne na yi ɗaki a cikin mota ko dai irin hotunan nan ne da kwamfuta ke haɗawa. To ga labarin gaba ɗaya, kowa ya karanta ya huta, nima in huta da maimaitawa.

Ni dai sana'ata haɗa sola ce, shekara da shekaru a nan cikin Katsina, kuma ta nan abin ya samo asali. Wani dare an ɗauke wuta ina kwance ina ta latse-latsen waya, ina neman yadda ake jona batir na biyu a mota, sai YouTube ya jefo mani bidiyon wasu tsofaffi miji da mata a Amurka, sun yi ritaya sun sayi wata ƙatuwar mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, suna ta yawo jiha jiha suna ziyarar abokansu na ƙuruciya suna kallon duwatsu da koguna. Su motorhome suke ce mata. Can abin ruwan dare ne, akwai kamfanoni irin su Winnebago a jihar Ayowa da aikinsu ke nan, a Jamus kuma tun shekarun 1950 ake mayar da ƙaramar bas ɗin Volkswagen wurin kwana. Har filaye gare su na musamman, ka shiga ka biya kuɗi ka jona wuta ka cika tankin ruwa ka zubar da na banɗaki, da safe ka ƙara gaba. Na kalli bidiyon nan ya fi sau biyar, abin da ya tsaya mani a rai shi ne mutanen nan ba su ɗora wa kowa nauyi, ka je ka ga abokinka ku sha hira, in dare ya yi ka koma motarka ka ja labule, ba sai an tashi yara daga ɗaki saboda kai ba. Na ce wallahi wannan ita ce dabara.

Dama akwai wata tsohuwar Toyota Hiace da nake kai kayan aiki da ita ƙauyuka, inji lafiya lau amma jiki ya sha duniya. Na sa aka cire kujerun baya duka. Mai walda ya yi mani firam na gado a jikin bango, kafinta ya shimfiɗa katako ya yi durowa biyu a ƙarƙashi, na sa katifa mai kauri, tela ya ɗinka labule, aka sa raga a tagogi saboda sauro. Ɓangaren wuta kam ni na yi abuna, fanel biyu a saman rufi, batir ɗaya babba a bayan kujerar direba, ƙaramar inbata, ƙwan fitila biyu, fanka, da wurin cajin waya guda huɗu. Sai ƙaramar silindar gas da na ɗaure da bel kar ta yi ta gangare, kula, jarkoki biyu na ruwa, buta, darduma. Banɗaki ne dai na ce a'a, wannan na Turawa ne, ni ba zan iya yawo da shi a bayana ba alhali duk inda ka tsaya akwai masallaci ko gidan mai.

Ranar da aka gama uwargida ta fito ta leƙa ciki, ta taɓa katifar, ta ɗaga labulen, ta daɗe ba ta ce komai ba sannan ta ce "Malam, gidan ne ya yi maka kaɗan ko mu ne muka ishe ka?" Yaran unguwa kuwa nan take suka raɗa mata suna, tafi-da-gidanka, sunan kuma ya bi ta har yau.

Da so samu ne Dutsin-Ma zan fara in ga dam ɗin Zobe in zagayo ta yamma, amma kowa ya san halin da ake ciki ta wajen Batsari da Safana da Jibiya shekarun nan, Allah dai ya kawo mana ƙarshen abin. Don haka gabas na nufa, shiyyar Daura, inda dama nake da abokan makarantar kwana su uku waɗanda kullum muna tare a guruf ɗin WhatsApp amma ido da ido an kwana biyu. Ba zan kama suna ba, laƙabin makaranta zan yi amfani da shi, akwai Monita a Mashi, Hedimasta a Daura, sai Dillali da ake samu a kasuwar Mai'aduwa. Ni kuma Ɗan Birni suke ce mani tun muna aji ɗaya. Na ɗauki autana tunda ana hutu, na kafa doka ɗaya, ba tafiyar dare ko ta mi. Mai kuwa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba a yi mashi lissafin wasa, sai da na zauna da biro da takarda.

Ranar Alhamis da safe kafin mu bar gari na ce bari mu fara da namu, don abin kunya ne yaro haifaffen Katsina bai taɓa zuwa Gobarau ba, ni kaina rabona da wurin tun ina firamare. Muka ajiye motar nesa kaɗan muka taka. Hasumiyar ƙasa ce, tsawonta wajen mita 15, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta yi aikin masallaci da wurin karatu, ta kuma yi aikin hangen abokan gaba. Na ba shi labarin da aka ba mu na wani malami, Wali Jodoma, da gardamar da aka yi kan alƙiblar masallacin, yana saurare yana ɗaukar hoto, ban tabbata ya ji rabin abin da na ce ba. Daga nan muka leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce. Abin da ya fi burge ni ba hotunan ba ne, sanyin ɗakunan ne, ginin ƙasa mai kauri ba fanka ba komai amma ka shiga kamar an kunna maka na'ura, ni mai sayar wa mutane sola don su kunna fanka sai na ji wani iri.

Bayan azahar muka kama hanyar Daura. Hunturu ne, hazo ya rufe sama rana ta yi fari kamar faranti, gonaki an girbe sai kara a tsaye da shanu suna kiwo a ciki, gawo kuma ya yi kore shar, shi dama sai da rani yake ganye. A wani shinge wani jami'i ya tsayar da mu ya ce a buɗe baya, na buɗe, ya ga gado a gyare da matashi da labule, ya ja da baya ya ce "Alhaji wannan ta asibiti ce ko ta gawa?" Na ce ta masu rai ce ranka ya daɗe. Ya kira abokan aikinsa suka zo suka yi ta kallo, ɗaya har ya zauna bakin gadon ya gwada laushin katifar ya ce a yi mashi hoto, suka sallame mu suna dariya.

Mun isa Mashi kafin la'asar. Monita ya yi ƙiba ya yi furfura amma muryar nan tasa ta tsawa tana nan, tun daga nesa yake kiran Ɗan Birni, Ɗan Birni. Aka yi gaisuwa aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya da ludayi, aka tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, aka lissafa waɗanda suka rasu cikin 'yan ajinmu aka yi masu addu'a. Na zagaya da shi cikin motar ina ta bayani ina jin daɗin kaina, yana ta cewa kai, kai, lallai Ɗan Birni har yanzu kanka na ja. Sai da aka yi isha'i aka ci tuwon dawa miyar kuka da man shanu, na miƙe na ce to mu za mu shiga daga ciki sai da safe, na nufi mota. Wallahi fuskar mutumin nan ta canza nan take. Ya ce "Ina za ka?" Na ce mota mana, ai don haka aka yi ta. Ya ce "Ka zo garina, ƙofar gidana, ka kwana a titi? Mi na yi maka? So kake gobe a masallaci a ce baƙona a mota ya kwana kamar direban tirela?" Na fara kawo bayanin Amurka da rashin ɗora wa mutane nauyi, ya ce in bar Amurka inda take, tun jiya aka share ɗaki aka kunna turare, iyalinsa har sabon zanen gado ta ciro daga akwati, in kuma na kwana a mota to shi da ni sai dai a lahira. Haka na kwashi jakata ina ji ina gani na bi shi.

Motar dai ba ta kwana a banza ba. Garin ba wuta, wani yaro ya hango wurin caji, kafin ka ce kwabo wayoyin layin gaba ɗaya sun taru a kan katifata, har da tocila da rediyon wani tsoho. Autana ya zama manaja, yana rubuta sunan mai waya a takarda yana liƙawa. Da asuba na duba batir ya yi ƙasa warwas.

Juma'a da safe muka ratse ta wajen Mani don ganin Durɓi ta Kusheyi. Na daɗe ina jin sunan, can ne kaburburan sarakunan farko na ƙasar Katsina, Durɓawa, tun kafin sarauta ta dawo birnin da muke ciki yanzu. An tona wasu a 1907 zamanin Turawa, aka sake tonawa a 1992, aka samu kayan ƙarfe da na hauren giwa da na zinariya, har Jamus aka kai su aka gyara. Hanyar shiga ce ta ba mu wuya, yashi ne, ga mota ta yi nauyi da katako da batir da ruwa, tayar baya ta nutse tana ta juyawa a wuri ɗaya. Wasu bayin Allah da ke ɗaurin kara a gona suka taho ba wanda ya kira su, suka tura kara ƙarƙashin taya suka sa kafaɗa, sai ga mu a waje, na ciro ɗan abin goro suka ƙi karɓa sai da na haɗa su da Allah. Da muka isa autana ya duba hagu ya duba dama ya ce "Baba tudu ne fa kawai." Kuma gaskiyarsa, in ba a faɗa maka ba tudun ƙasa za ka gani da itatuwa da iska tana kaɗawa, ba wani gini na a zo a gani. Ni dai na tsaya na yi shiru na ɗan lokaci, mutanen da aka binne da zinariya ga awaki na kiwo a gefensu. Amma ina ganin wurin ya cancanci a kula da shi fiye da haka, ko don yara irin nawa su samu abin karantawa in sun je.

Muka yi sallar Juma'a a hanya muka miƙe. Nan da can kana hango aikin layin dogon nan da zai taso daga Kano ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, tulin ƙasa da manyan motoci. Katsina zuwa Daura duka duka wajen kilomita 80 ne, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ko da tsohuwar mota, ku riƙe wannan don shi ne abin da ya dame ni a sauran tafiyar.

Don kuwa rabona da Hedimasta shekara 11. Shi ne babban abokina a makaranta, gadonmu ɗaya sama da ƙasa, kwanonmu ɗaya, garin kwakinmu ɗaya, ranar aurena shi ne babban aboki. Shekara uku da suka wuce matarsa ta rasu, uwar 'ya'yansa, a guruf na gani, na kira shi a waya na yi mashi ta'aziyya na ce ina nan tafe, aiki ya taso, na ce sai bakwai, bakwai ta wuce na ce sai arba'in, daga nan kuma kunya ta hana ni, kullum in na tuna sai in ce ai yanzu an makara da wace fuska zan je. Haka shekara uku ta tafi.

Ya fito ya tarbe mu da fara'a daidai gwargwado, ya rame, gemu ya yi fari fat. Ya miƙo hannu ya ce "Sannu da zuwa Alhaji, an sha hanya." Alhaji. Mutumin da tunda muke bai taɓa kirana da wani suna ba sai Ɗan Birni, ko a gaban surukaina. Nan jikina ya yi sanyi. Komai an yi mana, ruwan wanka da ɗumi, ɗiyarsa babba ta kawo dambu da zogale da soyayyar kaza, ɗakinsa na kansa ya bar mana ya koma na yara, maganar kwana a mota ma ban ko ɗauko ta ba, na riga na koyi darasi a Mashi. Amma hirar duk ta sama sama ce, ya aiki, ya garin, ya tsadar rayuwa, Alhaji kaza Alhaji kaza.

Asabar ya ce zai zagaya da mu gari, dama tarihi ya koyar kafin ya zama shugaban makaranta. Muka fara da rijiyar Kusugu. An gina ɗaki an rufe ta, ka shiga ka leƙa ka ga ruwa can ƙasa, mai kula da wurin ya jefa guga ya jawo ya ba mu muka sha, sanyi ƙalau, kuma mutanen garin sun ce ba ta taɓa ƙafewa ba. A nan ne na ga Hedimasta na da ya ɗan dawo, don da autana ya ce ai ya san labarin, wani ne ya kashe maciji, sai ya kama kafaɗarsa ya ce zauna ɗana, ba haka ake ba da shi ba. Ya faro tun daga Bagadaza, zaman Borno, maƙeran Gaya da suka yi wa Bayajidda wuƙa, isowarsa Daura da dare, tsohuwa Ayana da ya roƙa ruwa ta ce ba a samu sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, ya karɓi guga ya je ya sare kan, da safe Magajiya Daurama ta sa a nemo wanda ya yi, aure, Bawo, har zuwa Hausa Bakwai, Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram. Sannan ya ce wa yaron, amma ka lura, baƙon ya tarar da gari da sarauniya da rijiya da mutane masu magana, ke nan ba shi ya kawo Hausawa ba, kar wani ya ruɗe ka a jarabawa. Ya ƙara da cewa kuma ka lura a gidan tsohuwa ya sauka, bai kwana a kan dokinsa ba. Yana faɗin haka bai kalle ni ba, amma Monita ya riga ya kira shi ya ba shi labari, na sani.

Muka wuce ƙofar fada muka ga ginin da zanen bango da dogarai da jajayen kaya, ya yi mana bayanin Sarki Muhammadu Bashar da ya yi mulki daga 1966 har 2007 da mai martaba na yanzu Umar Faruk Umar, ya ce in muna son ganin Daura da gaske mu dawo lokacin sallar Gani a watan Maulidi. Muka bi ta unguwar da gidan marigayi Buhari yake, inda aka binne shi a watan Yulin 2025, muka yi addu'a daga mota muka wuce.

Da dare bayan isha'i na ce zan je in duba batir, gaskiya dai so nake in ɗan kaɗaita. Na shiga na kunna ƙwai ɗaya na zauna bakin gado. Can sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashi, shi ne, da hula a hannu, ya ce a nuna mashi wannan abin da ake ta magana. Ya shigo ya zauna kan durowa, na kunna gas na ɗora shayi a ƙaramar buta, na jawo ƙofa saboda sanyi. Wurin ƙarami ne, gwiwarmu har tana gugar juna, ba yara ba maƙwabta ba mai sallama, rabon da mu zauna mu biyu haka tun ɗakin kwanan makaranta. Ruwa ya tafasa na zuba citta da kanumfari, na miƙa mashi kofi ya riƙe da hannu biyu bai sha ba. Ya ce "Ka san ranar da aka yi rasuwar nan har magariba ina duban ƙofa?" Na yi shiru. Ya ce mutane sun zo daga Kano daga Zariya har daga Damagaram, Monita kwana uku ya yi, duk wanda ya yi sallama sai ya ɗaga kai ya ce ko kai ne, ita kanta marigayiyar tana asibiti ta tambaya ko an faɗa wa Ɗan Birni. Ya ce "Kilomita nawa ne tsakaninmu? Sai da ka ƙera gida mai taya sannan ka iya zuwa?"

Ba ni da amsa, kuma ban nemo ba, don duk abin da zan ce ƙarya ce. Na ce na yi laifi, kunya ce ta ƙara nisanta ni, ka yafe mani don Allah. Ya daɗe yana kallon kofin. Ni dai hawaye nake, shi ma na ga ya sa gefen rigarsa ya share ido. Sannan ya kurɓi shayin ya yamutsa fuska ya ce "Har yanzu ba ka iya shayi ba Ɗan Birni, sukarin ma rowarsa kake." Wallahi ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mani ba. Mun kai ƙarfe ɗaya a cikin motar nan, ya ba ni labarin jinyar tun daga farko, na bar shi ya yi ta faɗa, muka koma kan malamanmu da bulalar da muka sha da ranar da aka kama mu da rake a aji, gilasai duk suka yi gumi. Da muka tashi na ce ko dai mu kwana nan, ya ce kai dai ba ka ji, wuce mu tafi ciki.

Lahadi da shi muka tafi Mai'aduwa, ranar kasuwa ke nan. Wanda bai taɓa zuwa ba ya je, shanu da raƙuma da tumaki iya ganinka, mutanen Nijar da rawunansu, masu canjin sefa, tireloli a jere ana loda dabbobin da za a kai Kudu, ƙura kuwa sai ka rufe hanci. Dillali muka same shi tsakiyar ciniki, waya biyu a hannu sanda a hammata, wannan ya ce albarka wancan ya ce a ƙara, ya rungume mu da hannu ɗaya yana ci gaba da magana da mai saniya. Da ya ga motar bai tambayi gado ko sola ba, cewa ya yi tana kulluwa ta ciki? Na ce eh. Ya shige da wasu mutum biyu suka ja labule suka ƙirga kuɗinsu a kan katifata suka fito, ya karɓi la'adarsa, ya ce nawa zan sayar mashi ya mayar da ita ofis. Hirarmu da shi ba ta fi ta minti 20 ba, amma ya cika mana kula da balangu da kilishi, ya kuma rantse in muka sake zuwa ba mu kwana gidansa ba bai yafe ba.

Litinin muka yi sallama da Daura, an cika mana mota da tsaraba, gero, kuka, daddawa, har da zabi biyu a kwando. Mun makara da tashi saboda sallama ba ta ƙarewa, ga shi mun yi nisa kaɗan sai allurar zafi ta haura, na tsaya na buɗe, fanbel ya tsinke lagireto na tafasa. Gefen wani ɗan ƙauye ne, rana ta kusa faɗuwa, bakaniken da aka nuna mani ya ce sai gobe zai hau babur ya sayo. A raina na ce to alhamdulillahi, yau dai za a kwana a tafi-da-gidanka, nan ba ni da aboki ba ni da ɗan'uwa. Muka tura ta gindin wata bishiya kusa da masallaci, autana ya gyara gado yana ta murna, na dafa mana taliya.

Muna idar da isha'i liman ya juyo ya ce baƙi daga ina, na yi bayani. Ba a jima ba sai ga mai unguwa da tocila da mutum biyu a bayansa da yaro ɗauke da kwanon tuwo. Ya yi mana maraba, ya yi tambayoyi sosai, daga ina, ɗan wane gida a Katsina, mi ke cikin motar, kuma ban ga laifinsa ba, a zamanin nan baƙuwar bas mai labule ta kwana a gari dole a san ko su waye. Da ya gamsu sai ya ce "To Alhaji, a garin nan baƙo ba ya kwana a waje, ga soro can an shimfiɗa maku, mota kuma ga ɗan sintiri zai kula da ita." Na buɗe baki zan yi magana autana ya taɓa ni ya ce Baba kawai mu je.

Da asuba na fito in ɗauko buta, na zuge ƙofar motar, sai ga ɗan sintirin nan ya miƙe a kan katifata ya ja bargona har ka, gorarsa a jingine da durowa, fanka na juyawa a hankali cikin wannan sanyin, yana ta minshari. Na mayar da ƙofar a hankali na bar shi.

Mun shigo Katsina Talata da hantsi. Uwargida ta tarbe mu tana karɓar zabi ta ce "To Malam ya daɗin gadon?" Autana ya riga ni ba ta amsa, ta yi dariya har da zama.

Motar na nan ƙofar gida. Sati biyu da dawowarmu maƙwabcina ya yi mani sallama da sassafe, mahaifiyarsa ce za a kai asibiti Kano kuma ba ta iya zama, ya ji an ce tawa akwai gado, na ba shi makulli na ce a cire silindar gas dai tukuna. Tun daga nan an are ta sau uku, har da kai wata mai jego gida Funtuwa. Jiya kuma da dare Hedimasta ya kira, ko gaisuwa bai gama ba ya ce "Ɗan Birni, ka canza fanbel ɗin nan kuwa? Akwai ɗan ajinmu a Zariya da aka ce ba ya jin daɗi, ka biyo ta nan ka ɗauke ni ranar Asabar, Monita ma ya ce za shi. Kuma ka taho da sukari."